Nonon Hansai

Hansai mai waina ce a unguwar Chagoua, jikar alhazan da suka taso daga Katsina za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan suka zauna. Ƙanwar babana ce, kuma ban taɓa ganin macen da bakin mutane ya cuta kamarta ba.

'Ya'yanta biyu na fari, Idi da Fauziyya, lafiya lau aka haife su. Sai sun fara gudu a tsakar gida, sannan fatar ido ta sauko, ƙafa ta saki, farfaɗiya ta biyo baya. Idi ya rasu a 1994, Fauziyya ta bi shi ba da daɗewa ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, mijinta Halliru har keken ɗinkinsa ya sayar, duk a banza.

Da ta sake samun ciki, tsofaffin gidanmu, waɗanda ba sa taɓa rasa amsa, suka ce nononta ne mugu. Ran da aka haifi Buba ko ɗigo ba a bari ya sha ba, aka kai shi wajen maƙwabciya Rahma, Balarabiyar Shuwa mai goyo. Hansai ta ɗaure ƙirji da zane, nono yana jiƙa mata riga a bakin tanda. Ko ɗaukarsa ba ta cika yi ba, don tsoro. Kullum sai ta aika wa Rahma waina da romo. Yaro ya tashi da Larabci a baki, yana ce wa Rahma "Ammi", uwarsa kuwa "mai waina". In ya faɗa sai ta yi dariya.

"Ya kira ni abin da ya ga dama," in ji ta, "shi dai ya rayu."

Yana ɗan shekara huɗu, wata safiya ta ga sai ya ɗaga haɓa kafin ya iya kallonta. Ba ta tambayi kowa ba, ta san abin.

Ni na raka su asibiti saboda ina jin Faransanci, harshen da likitocin nan ke yi. Likitan ya ji labarin yayyen Buba, ya ce yana zaton ciwon gado ne mai bi ta wajen uwa tun daga ciki. Gwajinsa babu a ƙasar nan, maganin warkewa kuma babu a ko'ina.

"Tambaye shi, nonon fa?" in ji Hansai.

"Ya ce nono ba ruwansa, Gwaggo."

Ta ce, "Ashe da na shayar da abina, ba komai?"

Ban taɓa fassara magana mai ɗaci irin wannan ba.

Daga asibiti ɗakinta ta wuce da shi, ta ce yanzu kam ita za ta yi jinyar ɗanta. Buba ya ƙi. Ya ƙi cin abinci daga hannunta, kuka yake sai Ammi, har ya shiɗe. Da kanta ta goya shi ta mayar.

A daminar 2003 ya cika a cinyar Rahma. Hansai tana zaune a bakin tabarma riƙe da ƙafarsa, don nan kaɗai ya yarda ta taɓa.