Ƙararrawar Bakwai da Rabi

Shekara goma sha tara ya yi yana gadin makarantar firamaren unguwar, amma ba mai kiransa maigadi. Baba Ƙararrawa ake ce masa. Ƙararrawar ma ba ta a zo a gani ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne a rataye a reshen bishiya, sai guntun rodin da yake bugawa da shi. Mutum ne mai taurin kai a kan lokaci. Matarsa takan ce ko ranar mutuwarsa sai ya duba agogo kafin ya yarda.

Ranar da aka kafa dokar ta-ɓaci, 'yar autarsa tana goye a bayan uwarta. Aka ja shinge a bakin unguwar, aka ce an rufe makaranta na wata uku. Wata uku ya cika, aka ƙara uku. Haka aka yi ta ƙari, malamai suka watse, har Auta ta shekara bakwai ba ta taɓa zama a kan bencin aji ba.

Shi kuwa ba wanda ya ba shi takardar ya daina aiki, don haka bai daina ba. Kullum bakwai da rabi zai buga ƙarfen nan sau tara, sannan ya ja gefe daga bakin ƙofa, yadda ya saba don kada yara su bangaje shi. Yakan tsaya minti biyar cif yana ba iska hanya. Daga nan ya share azuzuwa. A allon aji shida har yanzu akwai kwanan watan ranar da aka rufe, da wata jimla da malami bai ƙarasa ba. Bai taɓa gogewa ba. Tsuntsayen bishiyar ma sun daina tashi in ya buga.

Maƙwabcinsa, wani tsohon akawun kotu, shi ke ƙara masa ƙarfin gwiwa. "Malam, akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu," in ji shi. "Ko ana cikin tashin hankali, in za a taƙaita wa mutane haƙƙinsu, sai da dalili, kuma gwargwadon larura. Ba a ɗauke wa yaro karatun firamare a ce sai baba-ta-gani. Akwai masu bin diddigi, za su zo."

Baba ya riƙe wannan magana gam. A ganinsa, muddin ƙarfen na ƙara, makarantar ba ta mutu ba, kuma ranar da masu bin diddigin suka zo za su tarar da gurbin Auta a share.

Sun zo kuwa, a shekara ta bakwai. Mace ɗaya ce da jakar takardu, ta shigo da hantsi. Ta leƙa aji ɗaya, ta leƙa na biyu, ta daɗe a gaban allon aji shida.

"Baba, ina yaran?"

"Ai ke muke jira, 'yata."

Ta zaro wata takarda, ta zauna a kan benci. Ta yi masa bayani a hankali. Tun shekara ta biyu aka matsa wa hukuma lamba ta kawo jerin makarantun da ke rufe, kuma duk unguwar da ta shiga jerin an buɗe wa yaranta azuzuwan wucin gadi a ƙetaren shinge. Mai duba makarantu kuwa ba ya shiga unguwa. Yana tsayawa a bakin shinge da bakwai da rabi, ya kasa kunne. Inda ya ji shiru, ya rubuta a rufe. Inda ya ji ƙararrawa, ya rubuta tana aiki.

"Taku ba ta taɓa fashi ba," in ji ta. "Ni ma ba zan iya sauya rahotonsa ba, sai shi ya rubuta da hannunsa."

Kunya da baƙin ciki suka lulluɓe Baba. Ashe da hannunsa ya yi shekara da shekaru yana kulle wa 'yarsa ƙofa, sau tara kowace safiya.

Da la'asar ya kwance ƙarfen, ya mirgina shi cikin ɗakin ajiya, ya rufe da buhu, ya sa kwaɗo. Washegari da bakwai da rabi yana zaune a gindin bishiyar, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa, don sai neman rodin suke yi. Bai taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba. Can nesa ya hango motar mai duba makarantu ta tsaya a shinge, ta ɗan jima, ta juya.

Yana komawa gida wata mai shago a kwanar layinsu ta gaishe shi. "Sannu da aiki, Baba. Yau ma da ƙarar taka na buɗe shago."

"Ban buga ba."

Ta yi dariya. "Kai dai Baba da wasa."

Akawu ma ya ce ya ji. Matarsa ta ce da ƙarar ta sauke tukunya. Ya tsuguna a gaban Auta, ya kama kafaɗunta.

"Auta, faɗa mini gaskiya. Kin ji wani abu da safen nan?"

"Na ji, Baba," ta ce. "Har na ƙirga. Tara."