Kwandon Mma Adisa

Har yau ban manta da ranar da na sa Mma Adisa ta ƙona kwandon mijinta ba. Lokacin an yi mini canji daga Salaga zuwa Yendi, ina ƙaramin malamin dabbobi. Ita kuwa kaji take sarowa daga Bawku tana sayarwa, da su take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar maigidan.

Ciwon ƙuraje ya shiga kajinta, ido ya rufe, kaza ta kasa ci ta mutu. Ƙa'idar aikinmu ita ce a ware marasa lafiya, a yi wa sauran rigakafi, a kai wa babban jami'i rahoto. Duk na yi. Amma ta kawo sababbi, ciwo ya dawo, har ya tsallaka zuwa gidajen maƙwabta. Babbanmu ya ce, "Ka gano inda yake fitowa, ko mu rufe rumfarta."

Na lura a unguwar ba a sayen kwandon kaji, aro ake yi, kuma na Mma Adisa kowa ke ɗauka saboda girmansa. Na goga farin ƙyalle a cikin saƙarsa, ya fito da jirwayen jini. Ƙumar kaji ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke ɓuya a tsaga da rana, su sha jinin kaza in ta kwanta. Sukan kwashi ƙwayar cutar daga wannan su kai wa waccan, kuma sukan yi watanni ba su ci ba, ba su mutu ba.

Na ce, "Mma, sai dai wuta."

Ta ce, "Dokta, Alhaji ne ya saƙa shi da hannun shi. Ka fesa magani mana."

Na ce kwandon ya tsufa, feshi ba zai ratsa duk saƙarsa ba. Wallahi na ji nauyin faɗa, don da ni ne ma sai na yi gardama.

Ta daɗe tana kallon kwandon. Can ta karɓi ashana daga hannuna ta ce, "In za a ƙona, ni zan ƙona."

Ba a rufe rumfar ba, ciwon kuma ya lafa. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙa duba mazaunin dabba kamar yadda kuke duba jikinta. Kafin kuma ku ce a ƙona abu, ku tambayi wanda ya saƙa shi.