Nyo Miru na Matakalar Fogo

Duk ranar da babban jirgi zai zo, gari na wayewa za ka tarar da Nyo Miru a bakin gangaren garin San Filipi, kofin gahawa a hannu, yana kallon teku kamar mai sauraron wani babba. Idan ya gama kallo sai ya koma ciki ya ci ɗumamen kacupa, dafaffiyar masara da wake, da ƙwai, ya ɗauki burushinsa da igiyarsa, ya fito bakin titi har motar masu kifi ta rage masa hanya zuwa tashar jiragen ruwa. Aikinsa na farko wankin matakala ne. Matakalar dutsen nan da ke gangarawa cikin ruwa, kwana biyu aka ƙyale ta sai gansakuka ta rufe ta, santsi kamar miyar kuɓewa. Yakan durƙusa ya goge ta tas, ruwa na dukan gwiwarsa. Ba wanda ya taɓa sa shi. Daga nan ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ƙulla ɗaya bakin a zoben ƙarfen da ke jikin bango, ya ja ya ji ta kama, ya yi alamar gicciye, ya tsaya.

Valdemiro Amado ne sunansa na yanka, amma a tsibirin Fogo ba mai kiransa haka. Nyo Miru ake ce masa, don a wurinmu da Nyo ake girmama namiji, da Nya ake girmama mace. Manyan jiragen masu yawon hutu, waɗannan masu hawa kan hawa kamar an ɗauko unguwa guda an aza a kan ruwa, ba sa iya shigowa tasharmu. Can waje suke jefa anga, a riƙa kwaso mutane a ƙananan jirage. Tekunmu kuwa bai san kwanciya ba. Ƙaramin jirgin zai zo ya jingina da matakala, ya ɗaga har ya kai ƙirjin mutum, ya sauka har ka hango kan direbansa. Tsakanin jirgin da dutsen taki ɗaya ne tak. A bakin wannan takin Nyo Miru ya tsufa.

Ba ya kama tafin hannu. Tafi na gaisuwa ne, in ji shi, da gumi da man shafawa sai ya sulɓe. Tsintsiyar hannu yake kamawa, kai ma ka kama tasa, sannan ya ce ka dubi fuskarsa kada ka dubi ruwa. Ya iya faɗin "dakata" da "yanzu" da harsunan da shi kansa bai san yawansu ba. Ƙattai masu tumbi sun bi ta hannunsa, da 'yan mata masu takalmi mai tsini, da tsofaffi masu sanda, da waɗanda suka sha giya tun da safe. Ba a taɓa tsamo ko ɗaya daga ruwa ba.

Nya Bibinya, mai sayar da gahawa da cuku a kan tasha, ita ce ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata Komadri, ita kuwa ba ta raga masa.

"Kai Miru, yau ma ka rirriƙe matan Turawa son ranka. Ni ko sau ɗaya ba ka taɓa riƙe nawa hannun ba."

"Komadri, ke ai ba kya faɗuwa. Teku ma tsoronki yake ji."

"Ji tsohon banza! Zo ka sha gahawa kafin ka sume mana."

Mutanen gari waɗanda 'ya'yansu na Amurka suka biya wa irin wannan tafiya, wurinsa suke zuwa neman shawara, don ya daɗe yana sauraron masu saukowa, da yabonsu da ƙorafinsu. Yakan ce idan kai mai jiri ne ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, ka bar wa masu ƙarfin ciki ɗakunan sama. Kada ka shiga ƙaramin jirgi da yunwa, kada kuma ka cika cikinka don ka ga abinci a baje. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka goya jakarka, hannuwanka biyu su zama a sake. Maganinka ya kasance a jikinka duk inda za ka. Agogon jirgi za ka bi, ba na garin da ka sauka ba, domin jirgi ba ya jiran mai cinikin tsaraba. Yana da nasa ra'ayin kuma. Wanda ya sauko tsibiri ya koma jirgi cin abincin rana, a wurinsa wannan bai zo ba, hoto kawai ya ɗauka. "Ka shiga ɗakin girkin wata tsohuwa ka ci abin da ta dafa," in ji shi. "Kuma ranar da kyaftin ya ce ba a sauka, kada ka zage shi. Kai hutu ka zo, shi kuwa rayuka ya ɗauko."

Abin da ya faru bara, lokacin da teku ke yawan fushi, tasha guda ta shaida shi, kuma har yau idan Nya Bibinya na ba da labarin sai ta ajiye butarta.

Akwai wata dattijuwa, Nya Kandinya, da ta bar Fogo tana amarya ta bi miji Amurka. Aikin masaƙa ya riƙe ta, sai renon yara, sai jinyar miji. Da ta samu sukunin dawowa, likita ya hana ta hawa jirgin sama saboda huhunta. Yayarta Nya Mimoza kuwa tana nan a ƙauyensu na kan dutse, ta makance, ƙarfi ya ƙare. 'Yar Nya Kandinya, Odeti, ita ta yi ta bincike har ta samo jirgin yawon hutu da zai tsaya Fogo yini guda. Wannan yinin shi ne kaɗai damar da ta rage wa 'yan'uwan nan biyu su haɗu a duniya, kowa ya san haka. Tun da sassafe aka sauko da Nya Mimoza a bayan a-kori-kura, cikin rigarta ta zuwa coci, aka zaunar da ita a kujerar roba kusa da teburin gahawa.

Ƙananan jiragen farko sun sauke mutanensu lafiya. Kafin hantsi ya dubi ludayi teku ya canza. Raƙuman ruwa suka fara shigowa tasha suna haye matakala. Jami'ar jirgin da ke kula da sauka, wata matashiya 'yar Girka mai natsuwa, ta saurari oba-obarta, ta ce kyaftin ya dakatar da sauka, a kwashe waɗanda ke tudu a mayar da su. Gaskiyarsa ce kuwa. Sai dai akwai ƙaramin jirgi ɗaya da ya riga ya taso, kuma Nya Kandinya da Odeti na ciki.

Odeti ta miƙe daga cikin jirgin tana roƙo da ƙarfi, iska na kwashe rabin maganarta. Nya Mimoza ta karkata kai ta ce, "Muryar wa nake ji? Sun iso ne?"

Jami'ar ta gangaro wurin Nyo Miru. "Dole jirgin nan ya jingina don ya kwashi mutane," in ji ta. "Kai ka san matakalarka. Idan ka ce a'a, magana ta ƙare."

Ya daɗe yana kallon bakin tasha. "Ita kaɗai," in ji shi. "Sauran su zauna. Kuma sai na ce."

Ta isar wa kyaftin, ya amince. Direba ya matso da jirgi, matuƙa biyu suka tsayar da tsohuwar a bakin ƙofa cikin rigar kariya. Nyo Miru ya dubi ruwa, ya kaɗa hannu, jirgi ya ja baya. Ya sake matsowa, ya sake korarsa.

"Nyo, don Allah mene ne kuma?" Odeti ta ɗaga murya. "Ga ta nan a tsaye!"

Nyo Miru ya sake duban bakin ƙofar jirgin. Ya lura gwiwoyin tsohuwar sun sandare, kuma ya san mai sandararriyar gwiwa ba ya iya taki. Da jirgi ya dawo sai ya yi mata magana da harshen gida.

"Nya, 'yar gidan wa ce ke?"

"Gidan Nyo Lino mai awaki, na kan dutse."

"Af! Ashe ku ne. Kakana ya sayi akuya a gidanku, ko gida ba ta kai ba ta mutu."

"Ƙarya kake, yaro! Awakinmu ba sa mutuwa a hanya. Kakanka ne bai iya ja ba."

"To ga jikansa, zo ki gani ko ya iya."

Ta fashe da dariya, jikinta ya saki. Shi kuwa idonsa na kan ruwan da ke bayanta. Jirgi ya ɗago, ya kama tsintsiyar hannunta. "Yanzu, Nya."

Ta tako. Ƙafarta ta taɓa dutse, amma wani raƙumin ruwa da ya ɓoye a bayan na farko ya fizge jirgin ƙasa, ya share ƙafafunta. Nauyinta duka ya rataya a hannunsa na dama. Igiyar ƙugunsa ta miƙe tsam, kuma waɗanda ke kusa sun ji ƙarar da kafaɗarsa ta yi. Bai saki ba. Ya fizgo ta zuwa ƙirjinsa, ya juya wa teku baya, ruwa ya rufe su duka biyu. Da ruwan ya janye, ga su nan a inda suke, ya rungume ta da hannun hagu, na dama har yanzu yana damƙe da nata.

Aka hau da ita tana ɗigar ruwa, aka kai ta gaban kujerar. Nya Mimoza ta miƙa hannu tana shafa fuskar, daga goshi zuwa haɓa.

"Wace ce wannan mai ƙarnin teku?"

"Ni ce, Mana, yayata."

"Ke da kika ce damina biyu za ki yi ki dawo?"

"Hanya ce ta yi tsawo."

"To ina mayafina da kika ara ranar tafiya?"

"Mana, ko gaisawa ba mu yi ba!"

Dariya ta kama su, dariyar ta koma kuka, suka ƙanƙame juna. Gahawar Nya Bibinya ta tafasa ta zube a kan wuta, ba ta ko waiga ba. Baƙin da ke jiran komawa jirgi, waɗanda ba su ji ko kalma ɗaya ba, suka cire huluna.

Nyo Miru bai hau ya gani ba. Ya cusa hannun dama cikin rigarsa, ya koma bakin matakala, shi da matuƙan nan biyu suka riƙa mayar da mutane jirgi da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe. Sai da aka gama ya hau wurin Nya Kandinya.

"Nya, lokaci ya yi."

Ta dube shi, hannunta cikin na yayarta. "Ɗana, sau biyu na tsallaka ruwan nan, tafiya da dawowa. Ya isa haka."

Da aka gaya wa Odeti, ta yi kuka daga cikin jirgi. "Mama! Magungunanki fa?"

Tsohuwar ta daki jakar da ke rataye a wuyanta. "Suna nan, har da takarduna. Je ki ƙarasa hutunki, kin biya."

Ashe tun daga gida ta shirya abinta. Aka yi magana da kyaftin da jami'an shige da fice, aka daidaita. Jirgi ya busa ƙaho ya tafi, a-kori-kura ta hau dutse da tsofaffi biyu a baya.

Kafaɗar kuwa ba ta koma daidai ba. An yi masa aiki a Praia, babban birninmu, ya yi watanni yana gashi, amma hannun ba ya ɗaga abin da ya wuce buta. Ya ƙarasa shekarar yana tsaye a bayan magidanta biyu da ya koya wa aikin, yana gyara musu kamu. A wannan watan ya ajiye aikin.

Nyo Miru, kai ne dutsen da ke cikin matakala. Kai ne fuskar farko da baƙo ke gani a ƙasarmu, lokacin da zuciyarsa ke dukan uku-uku. Dubban mutane sun koma garuruwansu da hotunan dutsenmu mai aman wuta da baƙin yashinmu, ba su san sunanka ba, ba su ma tuna akwai inda suka kusa faɗawa, saboda ba ka bari sun faɗa ba. Kai ne ka iya cewa "dakata" ga mai kuɗi da mai gaggawa da mai kuka, ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun daɗe muna wucewa ta gefenka muna ganin tsoho da igiya. Sai ranar nan muka ga abin da igiyar ke riƙe da shi.

Kwanan baya wani ya tambaye shi ko yana da-na-sanin hannun da ya bayar saboda matar da bai taɓa sani ba. Ya kurɓi gahawa ya ce, "Ka hau ƙauyensu da yamma ka tsaya a ƙofar gida. Za ka ji su suna faɗa a kan wadda ta fi zuba gishiri a tukunya. Idan ka ji, ka dawo ka sake tambayata."

Mun gode, Nyo Miru. Allah ya warkar da kafaɗar, ya ba ka tsufa mai daɗi. Ku kuma masu aikin da ba a tafa wa, ku dube shi ku riƙe naku da kyau. Mai shirin hawa babban jirgi kuwa, duk tashar da ka sauka za ka tarar da wani a tsaye a jiƙe yana miƙo maka hannu. Ka tsaya ka tambayi sunansa kafin ka wuce.