Irin dankalin Penina

Penina Telenggen maƙwabciyata ce tun ranar da aka kawo ta ƙauyenmu daga bayan dutse. Shingenmu ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta zauna haka kawai ba. In ba tono take ba, saƙar noken take, jakar ragar da muke ratayawa a goshi. In ba saƙa take ba, to tana yi wa aladunta faɗa kamar su ne suka ja mata duk wahalar duniya. Mace ce gajeriya mai kaushin baki. Ka gaishe ta, ta tambaye ka ko ba ka da aikin yi ne.

Mijinta Nerius ya tafi aikin hanya can wajen garin Wamena, tari ya kama shi, aka binne shi a can. 'Ya'yanta biyu sun rasu tun suna goye. Namijin da ya rayu yana birnin Jayapura, sai in wani ya hau tsauni neman layin waya ake jin labarinsa, shi ma labarin bai wuce wai yana nan lafiya ba. Abin da ya rage mata na gidansu shi ne irin dankalin da uwarta ta naɗe mata a jiƙaƙƙiyar ciyawa ranar da za ta taho. Muna ce masa Gwaiduwa, saboda launin cikinsa. Yana da nawar nuna, har yara kan ce sai ka manta da shi yake tunawa da kai, amma ya fi kowane iri jure sanyi. Can bayan dutsen ma ya ɓace tun da mutanensu suka watse, sai a gonarta kaɗai ake samunsa.

A wurinmu ba a hana iri. Mace na iya hana ki gishiri, ta hana ki aron tukunya, a yi tsegumi a wuce. Amma ki tsaya a bakin shingenta ki ce ta sam miki yaɗon dankali ta ce babu, wannan magana sai ta bi jikokinta. Ni dai ban san wanda ya kafa wannan doka ba, amma na tabbata da cikinsa a cike ya kafa ta.

A shekarar da nake faɗa, ruwa ya ɗauke, sama ta yi tas babu ko gajimare. Tsofaffi suka daina hira. Wata safiya muka fito muka tarar raɓa ta daskare, gonaki sun yi fari fat. Kafin rana ta take ganye ya koma baƙi, bayan 'yan kwanaki dankalin da ke cikin ƙasa ya ruɓe, duk kwarin ya ɗauki wari. Aladu suka yi ta mutuwa. Jirgi ya sauka sau ɗaya da buhunan shinkafa, aka jera mu aka ɗauki hoto, ya tashi. Da babu gara ba daɗi, amma shinkafar ba ta kai mu ko'ina ba. Masu ƙarfin ƙafa suka gangara wurin dangi. Mu da muka rage muka koma cin ganyen daji.

Tulin ƙasa ɗaya ne ya tsira a duk ƙauyen, na Penina, wanda ke jikin dutse bayan madafinta. Ta lulluɓe shi da ciyawa, ta riƙa yi masa hayaƙi. Dankalin cikinsa ya tafi, amma ga 'yan yaɗo kore sun tsiro, sirara, ko kamu ɗaya ba su kai ba.

Na ce mata, “Yaya, ki jibga masa itace ki rufe, kada kowa ya gani. In ya yi ƙarfi kya raba.”

Ta ce, “Ke Yosina, sata na yi da zan ɓoye?”

“Ba sata ba ce, hankali ne.”

“Hankalinki ne ya sa akuyar fasto ta fi ki ƙiba.”

Haka take. Na bar maganar, don na san in na ƙara sai ta tono min wani abin.

Oktovina Murib ce ta fara zuwa, yarinya ce mai 'ya'ya uku, mijinta ya gangara neman abinci bai dawo ba. Ta tsaya a bakin shinge, kanta a ƙasa.

“Mama, iri na zo roƙo.”

Penina ta dube ta, ta dubi tulin. “Bai isa yanka ba, 'yar nan. Jariri ne.”

“Na sani, Mama.”

Ba ta tafi ba. Penina ta ja tsaki, ta durƙusa ta tsinko mata biyu, tana ta mita. “Ki binne gaɓa biyu a ƙasa, ki rufe da ciyawa. Kada ki bari ragwayen kajinku su kusance shi.”

Washegari wata ta zo, kwana na uku wasu suka biyo. Kowacce ta tsaya inda Oktovina ta tsaya, ta faɗi abin da ta faɗa. Penina ta zage su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ba kowacce. Ni ina daga tsallaken shinge raina yana ƙuna, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tulin ya koma kamar kan tsoho. Ɗan tohon da ya rage ya yi yaushi, wata safiya ya kwanta bai tashi ba.

Na ce, “To ga shi nan, kin kashe shi.”

Ko gezau ba ta yi ba. “Ina ya mutu? Da a gona ɗaya yake, yanzu yana gonaki da yawa. In ruwa ya sauko sai in je in karɓo.”

Da wannan maganar ta ƙarasa fari. Ta rame har noken ɗinta ya fi ta faɗi, amma kullum sai ta gyara sababbin tuli da sandar tono, ta huta, ta sake tashi. Ba ta taɓa leƙa gonar kowa ba, don wanda ya ba da iri ba ya bin sawunsa.

Da ruwa ya dawo, ta ce in raka ta. Ita da ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, ta wanke fuska ta rataya noken. A gida na farko matar ta ce wai ɓera ne ya cinye. A na biyu aka ce sanyi. A na uku ba a fito ba, muna jin motsi a cikin bukka. Gonakin duk ƙasa ce tsirara, babu alamar an taɓa binne wani abu. Penina ta daina mita, ni kuwa wannan shirun ya fi zaginta tayar min da hankali. Tafiyar ba ta da nisa, amma mun zauna hutawa a hanya ya fi a ƙirga.

Gidan Oktovina ne na ƙarshe. Muka same ta a ƙofar madafi, ƙaramin ɗanta a cinya, kansa ya yi masa nauyi.

Penina ta tsaya a bakin shinge ta ce, “'Yar nan, iri na zo roƙo.”

Oktovina ta gyara wa yaron zama. Ta ce, “Mama, ban shuka ba. Na dafa wa yara ne. Ko gida ban ƙarasa ba suka fara fizgar ganyen daga hannuna. Duk mu haka muka yi, kowa na cewa ai wata za ta shuka nata.”

Na ɗauka Penina za ta zage ta har kakanninta, kuma da ta yi, da na taya ta. Sai ta dafa shingen ta daɗe tana kallon yaron.

Ta ce, “Sun ƙoshi?”

“A'a, Mama.”

Penina ta gyaɗa kai. “Da kin faɗa mini na miya ne, da na haɗa miki da tohon. Ya fi taushi a bakin yaro.”