Mai Kwiyakwiyai a Kasuwar Urafane

Yana zaune a bakin kasuwar Urafane, gefen masu wake, dattijo mai farin gemu da wankakkiyar riga shuɗiya, kwandon kwiyakwiyai a gabanshi. Naomi ba ta san sunanshi ba, amma ta san muryar. Da ita ya rantse mata cewa kwikwiyon da ta saya ya kai wata biyu, an yaye shi, in ya girma zai tsare tumakin mahaifiyarta daga ɓarayi. Kafin kasuwa ta zagayo ya mutu a cinyarta, ko kunu bai iya lasa ba. Duk karatunta na jami'a, furfura ce ta ruɗe ta.

Yanzu tana tsaye nesa kaɗan, tana kallonshi. Yana ɗaga ɗaya a tafin hannu, yana shafa mishi kai da yatsa kamar mai lallashin jika. Ƙila yana da jikokin, ƙila ma a gida mutumin kirki ne.

"Baba, sun bar nono?" wata mai goyo take tambaya.

"Haba ɗiyata, tuwo suke ci!"

Sai ga wata karya ramammiya ta kutso ta ƙarƙashin amalanke, tsinkakkiyar igiya a wuya, nononta na ɗiga a ƙasa. Kwandon duk ya ɗauki kuka. Ta kwantar da kai bisa ƙafar dattijon, tana kaɗa wutsiya.

Ya ture ta da takalmi, bai ko dube ta ba.

"Wannan kuma ta wa ce?" in ji shi. "Ku kore ta."