Kafintan da Ya Zare Ƙusoshina Daga Jikin Garmaho

Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, labari ya iske ni cewa Mai kowa Ya karɓi ran Baba Kafinta, mai shago a ƙasan benenmu. Na ga wajibi ne in rubuta wannan da hannuna, tun da yanzu na iya rubutu, ba sai na wakilta kowa ba.

Baba, wasu za su ambaci kujeru da ƙofofi. Ni garmaho zan ambata, tsohon akwatin nan na sauraron faifai.

Na mahaifinmu ne, Yayata ta ba ni ajiya. Danshi ya sa siririn fallen katakon da aka lulluɓe akwatinsa da shi ya kumbura. Da yake ni ba mai jiran wani ba ne, na bi shi da ƙusoshi goma sha bakwai, na shafe shi da ragowar koren fentin ƙofa. Sai ga saƙon Yaya, tana tafe karɓar kayanta. Shekara biyu rabonmu da magana mai daɗi, amanar nan ce kaɗai ta rage tsakaninmu.

Da na kawo maka, ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Ɗana, kejin kaji ka so haɗawa? Me ya yi maka?" Ba ka ƙara ba, ba ka kuma faɗa wa kowa ba.

Ka zare ƙusoshin ɗaya-ɗaya. Ka tsaga kumburin da reza, ka zura gam mai ɗumi, ka ɗora ƙyalle ka danne da dutsen guga. Ka hana ni goge shi da samfefa, takardar nan mai kaushi, ka ce fallen bai kai kaurin farce ba. Ka kankare fentin, ka cike ramukan, ka shafa man sheƙi har sau bakwai.

Rami ɗaya ka bari ta baya. Ka ce, "Wannan kai za ka nuna mata da kanka."

Na yi gardama, amma na nuna mata. Yaya ta shafa murfin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai dai ba ka canzawa." Ranar a gidana ta ci abinci.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya rufe naka kurakuran, Ya haskaka makwancinka. Ga matarka da 'ya'yanka mata uku, Allah Ya ba ku haƙuri. Ta'aziyyar nan ta mutum biyu ce: Yaya ta ce lallai in sa da ita.