Shekara Uku Hannun Inna Ba Lalle

A wannan watan Habboba Asabe ta cika shekara uku da rasuwa. Na san 'yar shekara goma sha shida ba ta isa rubutu a jarida ba, amma manyan unguwarmu ta Mayo sun yi shiru, ni kuwa kowa ya san ban iya shiru ba.

Ba kakata ta jini ba ce. Mai shayi ce a bakin tasha, yaran layinmu duka Habboba, wato kaka da Larabcin nan, muke ce mata. Gajera ce ƙwarai, in ta zauna bayan tukunyarta sai dai ka yi ciniki da tururi. Muryarta kuwa, in ta ƙwala wa jikanta kira a Mayo, wani yaron ne zai amsa a Omdurman, can ƙetaren kogi.

Yayana Manu jikinsa na saurayi ne, hankalinsa na ƙaramin yaro. Haka aka haife shi. In ya ga ƙofa a buɗe ya fita, in ya ga wuta ya taɓa. Baba yana aikin gini, daga asuba sai magariba. Inna ce da Manu. Ko wanka take yi, ƙyauren rabi a buɗe yake, idonta ɗaya a kansa.

Duk Alhamis bayan azahar Habboba takan rufe shayinta, ta hau karo, wato amalanken jakin ƙanenta, ta bi gida-gida tana kwasar irin su Manu. Akwai Hauwa da ba ta magana, da Sale mai tafi ba dalili, da Deng ɗan maƙwabtanmu 'yan Kudu. Sai ta kai su rumfar tsakar gidanta ta yi musu biki. Ta ce in ana biki a unguwa su ake kullewa a ɗaki don kada su kunyata dangi, to ga nasu. Ta buga gangarta ta dalluka, ta fesa musu turare, ta raba dabino, kowane mako a naɗa sabon ango. Manu ya angwance ya fi sau ɗari, bai taɓa biyan sadaki ba.

Iyaye mata an hana su leƙowa. Da kunnena na ji ta ce wa Inna, "Ke Rabi, in na gan ki a ƙofata sai na karya miki ƙafa. Je ki huta, ke ma mutum ce."

Inna lalle take yi da wannan hutun. A garin nan matar aure ba lalle, sai a fara tambaya ko takaba take. Shi kuwa lalle zama yake so, hannu a miƙe, ƙafa a ɗage, ba ka taɓa komai sai ya kama. Uwar Manu ba ta da irin wannan zaman sai ran Alhamis. Nakan dawo makaranta in same ta a gado, hannuwa sama kamar wadda sojoji suka tare a hanya, tana minshari. A gabanta nake satar sukari, ba ta da hannun duka.

Wata Alhamis masu kaki suka shigo, wai ana kiɗa ba izini, maza da mata a cakuɗe. Habboba ta nuna Manu ta ce, "Ga angon nan, ku tambaye shi." Manu ya rungume babbansu ya jiƙa masa kafaɗa da miyau. Suka tafi da dallukar. Mako na gaba jarkar ruwa ta buga.

Ban san me za ta ce ba da ta ga yau. An sayar da gidanta, an sayar da jakin. Su Deng sun koma Kudu da aka raba ƙasa. Hauwa tana ɗaure da ƙafar gado in uwarta ta tafi kasuwa. An ce akwai wata cibiya a unguwar masu hali, da lilo da wurin iyo. Inna ta gwada sau ɗaya. Mota uku suka hau, Manu ya ciji kwandasta, da aka faɗi kuɗin wata kuma ta yi godiya ta juyo. Matan layinmu sun gwada karɓa-karɓa, amma da Sale ya fasa randar gidan Talatu, mijinta ya ce ba a gidansa ba. Daga nan maganar ta mutu.

Watan jiya, ana shirin bikin 'yar kawuna, na ce wa Inna ta kwaɓa lalle, ni zan riƙe Manu.

"Jummai, ke da ko akuya ba kya iya tsarewa?"

"Inna, yau ni ce Habboba. Har na fi ta tsawo."

Ta yi dariya, ta yarda. Na sa wa Manu farar jallabiyarsa, na ɗauko jarka, ina bugawa yana tsalle. Sai ga karon mai ruwa ya wuce ta ƙofarmu. Manu ya tsaya cak, ya ce "Habboba!" Ya ture ni, na faɗa kan murhu, ya ɓalle ƙyauren ya fita. Na bi shi ina ihu, ya tsere mini. Inna ce ta wuce ni a guje, ba takalmi, ɗanyen lalle yana kwasar ƙasa. A bakin babban titi ta cafke shi, motar haya tana taka birki.

Da muka dawo ba ta yi mini faɗa ba. Na so ta yi. Ta zauna ta wanke hannunta, ta ce, "Ɗora ruwan shayi, babanku ya kusa." A wurin bikin hannunta na cikin mayafi har aka tashi.

Na rasa abin da ya rage na Habboba da zan nuna wa mutum. Ba gida, ba dalluka, ko hotonta ba mu da shi. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutun da ta riƙa ba iyayenmu. Manu dai an gaya masa ta rasu ya fi a ƙirga, amma duk Alhamis bayan azahar sai ya saka jallabiyarsa ya zauna a bayan ƙofa yana saurare. Shatin tafin hannun Inna yana nan a bayan rigar, inda ta riƙe shi. Na wanke har na gaji bai fita ba. A nan ne lallen ya kama.